Yini Guda a Kan Tsaunin Mont Blanc da Kogin Ƙanƙara na Mer de Glace

A gindin Mont Blanc, tsauni mafi tsawo a yammacin Turai, mai ziyara kan iya hawa sama da mita 3,800 da safe, sannan da rana ya shiga cikin kogin ƙanƙara mafi girma a ƙasar Faransa. To amma ƙanƙarar da ake zuwa kallo tana ja da baya shekara bayan shekara.

A garin Kamba, hedkwatar ƙaramar hukumar Dandi ta jihar Kebbi, inda iyakokin Nijeriya da Nijar da Benin suka kusanci juna, abu biyu aka sani da sunan ƙanƙara. Akwai wadda kan zubo tare da hadari jefi-jefi ta lalata shuka, akwai kuma wadda ake saye a kasuwa, musamman idan azumi ya faɗo a cikin bazara lokacin da zafi ke haura digiri 40. Dukkansu biyu ba sa ɗaukar lokaci suke narkewa. Saboda haka abu ne mawuyaci mutumin wannan yanki ya kwatanta a zuciyarsa wata ƙanƙara mai tsawon kilomitoci, wadda kaurinta ya fi tsawon hasumiya, ta shekara ɗaruruwa ba ta narke ba, kuma tana tafiya a hankali kamar kogi.

Irin wannan ƙanƙara ce masu yawon buɗe ido ke zuwa gani a kwarin Chamonix, wanda ake furtawa Shamoni, a kudu maso gabashin Faransa. Abin da ya sa wurin ya yi fice shi ne, a cikin yini guda mutum na iya ganin inda kogin ƙanƙara ke farawa a can sama, ya kuma sauko ya ga inda yake ƙarewa.

Mene ne kogin ƙanƙara?

Da farko dai iska tana ƙara sanyi gwargwadon yadda ake hawa sama. A ƙiyasin masana, duk hawan mita 1,000 kan rage zafi da kimanin digiri 6 da rabi a ma'aunin Celsius. A kan manyan tsaunuka, abin da zai zubo a matsayin ruwan sama a ƙasa, yakan sauka ne a matsayin dusar ƙanƙara, fara fat, mai laushi kamar abduga. Idan dusar da ta zubo a lokacin sanyi ta fi wadda ta narke a lokacin zafi yawa, sai ragowar ta kwana har shekara ta zagayo, sabuwa ta zubo a kanta. Nauyin ta sama ya danne ta ƙasa, ya matse iskar da ke tsakaninta, har bayan shekaru ta rikiɗe ta zama dunƙulalliyar ƙanƙara mai tauri, wadda launinta ke ɗaukar shuɗi-shuɗi.

Idan kaurin wannan ƙanƙara ya kai mita gommai, nauyinta kan sa ta fara motsi zuwa gangare, kamar yadda curin kwaɓaɓɓiyar ƙasar gini ke bajewa a hankali idan aka ajiye shi a kan tudu. Daɗin daɗawa ruwan da ke narkewa a ƙarƙashinta yana sa ta zame a kan dutse. Wannan tafiya ce ta bambanta kogin ƙanƙara da tulin dusar ƙanƙara kawai. A inda ya bi ta kan wani gangare mai tsanani, samansa kan tsage ya bar ramuka masu zurfin da kan kai mita 30 ko fiye. Yana kuma kwasar duwatsu da tsakuwa ya tara a gefunansa da bakinsa, ya niƙa na ƙarƙashinsa su zama gari, abin da ya sa ruwan da ke fitowa daga gare shi ke da launin farau-farau.

Kowane kogin ƙanƙara yana da ɓangare biyu. A ɓangaren sama ana samun ƙari, a na ƙasa kuma ana asara. Muddin ƙarin ya yi daidai da asarar, bakin kogin yana nan inda yake. Idan asara ta rinjaya, sai bakin ya riƙa ja da baya zuwa sama, ko da yake ƙanƙarar kanta ba ta daina gangarowa ba. A tsaunukan Mont Blanc iyakar da ta raba ɓangarorin biyu tana kusa da mita 3,000.

Kwarin Chamonix

Garin Chamonix yana kan tsayin mita 1,035 daga doron teku, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci a mota daga birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan. Wani rami mai tsawon kilomita 11.6 da aka huda a ƙarƙashin tsaunin, aka kuma buɗe shi a shekara ta 1965, shi ya haɗa garin da ƙasar Italiya.

Har zuwa ƙarni na 18 Chamonix ƙauyen manoma da makiyaya ne, waɗanda ke kallon ƙanƙarar a matsayin masifa. A lokacin Turai na cikin wani zamani na sanyi, kogunan ƙanƙara sun sauko har cikin kwarin suna cinye gonaki da gidaje. A shekara ta 1644 sai da mutanen yankin suka gayyato wani babban limamin coci ya yi musu addu'a a bakin ƙanƙarar don ta tsaya.

Al'amura sun fara sauyawa a shekara ta 1741, lokacin da wasu Turawan Ingila biyu, William Windham da Richard Pococke, suka hau wurin da ake kira Montenvers suka leƙa kogin, suka kwatanta shi da tekun da ya daskare yana tsakiyar tumbatsa. Daga nan sunan Mer de Glace ya samo asali, wato Tekun Ƙanƙara da harshen Faransanci. A shekara ta 1760 wani masani ɗan Jeniba, Horace-Bénédict de Saussure, ya yi alkawarin tukuici ga duk wanda ya gano hanyar kaiwa ƙololuwar Mont Blanc. Sai bayan shekaru 26, ranar 8 ga watan Agusta na 1786, Jacques Balmat da likita Michel-Gabriel Paccard suka taka ƙololuwar. Marie Paradis ce mace ta farko da ta kai can a 1808. An kafa ƙungiyar masu yi wa baƙi ja-gora a kan tsaunin a 1821, kuma a wannan gari ne aka gudanar da wasannin Olamfik na lokacin sanyi na farko a 1924.

Shi kansa tsawon Mont Blanc ba ya tsayawa wuri guda, domin kuwa hular ƙanƙara ce a kansa, wadda ke ƙaruwa ko raguwa gwargwadon iska da dusar da ta zubo. Awon da aka yi a 2021 ya ba da mita 4,807.81, na 2023 kuma mita 4,805.59.

Da safe: hawa Aiguille du Midi

Galibin masu ziyarar yini guda da hawa suke farawa, saboda da safe sararin sama ya fi washewa, gajimare kuwa da rana yake taruwa. Abin hawan wata mota ce mai kama da ɗaki, wadda ke rataye a jikin igiyar ƙarfe, irin wadda alhazan da suka ziyarci Ɗa'if suka gani a tsaunin Al-Hada. An kammala aikinta a shekara ta 1955, kuma ta yi kusan shekaru 20 tana riƙe da kambin motar igiya mafi hawa sama a duniya.

Zango biyu ake yi. Na farko yana kaiwa tashar Plan de l'Aiguille mai tsayin mita 2,317. Domin a gane abin da wannan adadi ke nufi, garin Kamba bai kai mita 300 daga doron teku ba. Dutse mafi tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne, yayin da mafi tsawo a Jamhuriyar Nijar, Idoukal-n-Taghès na tsaunukan Bagzan a ƙasar Azbin, yake da mita 2,022. Wato tun a zangon farko matafiyi ya wuce ƙololuwar Nijar, ya kusa ta Nijeriya. A nan itatuwa suke ƙarewa, sai ciyawa da duwatsu.

Zango na biyu shi ne mai tayar da tsikar jiki. Igiyar ta miƙe daga wannan tasha zuwa tsayin mita 3,777 ba tare da ginshiƙi ko ɗaya a tsakani ba, motar na bin fuskar dutsen kusan a tsaye. Daga tashar sama ana haye wata gada zuwa babban dutsen, sannan na'urar hawa da aka girka a cikinsa ta kai mutum dandalin ƙarshe a mita 3,842. Tafiyar gaba ɗaya daga gari ba ta wuce kimanin minti 20 ba. Ma'anar sunan Aiguille du Midi ita ce Allurar Tsakar Rana, saboda ga wanda ke tsaye a tsakiyar Chamonix, rana kan daidaita a kan tsinin dutsen da tsaka.

Idan gari ya washe, daga wannan dandali ana hango tsaunukan ƙasashe uku. Ga Mont Blanc kusa kamar a miƙa hannu, ga Grandes Jorasses mai mita 4,208, can nesa kuma ga Matterhorn da Monte Rosa a kan iyakar Suwizalan da Italiya. A watan Disamba na 2013 an buɗe wani ɗan ɗaki na gilashi zalla da ya fito daga jikin dutsen, inda mai ƙarfin hali kan tsaya ya ga sarari na kimanin mita 1,000 a ƙarƙashin ƙafarsa. A lokacin zafi wata ƙaramar motar igiya kan ratsa tazarar kilomita 5 a saman ƙanƙara zuwa Pointe Helbronner da ke kan iyakar Italiya.

Amma abin da ya fi muhimmanci ga mai son fahimtar kogin ƙanƙara shi ne farin filin da ke shimfiɗe a gabas da dandalin, wanda ake kira Vallée Blanche, wato Farin Kwari. Nan ne ɗaya daga cikin wuraren da dusa ke taruwa ta zama ƙanƙarar da ke ciyar da Mer de Glace. Abin da ya zubo a nan bana, sai bayan shekaru masu yawa zai isa inda matafiyin zai tsaya da rana.

Abin da tsayi ke yi wa jiki

Hawan sama da mita 2,700 a cikin minti 20 ba ya bai wa jiki damar sabawa. A wannan tsayi iska ta yi sirara, kowane numfashi na kawo kusan kashi biyu cikin uku ne kawai na iskar da huhu ke samu a bakin teku. Mutane da dama kan ji haki bayan 'yan matakai, wasu kuma ciwon kai, ko jiri, ko tashin zuciya. Maganin shi ne tafiya a hankali, da shan ruwa, idan abin ya ci gaba kuma a sauko ba tare da jinkiri ba. Ba a barin yara 'yan ƙasa da shekara uku su hau, ana kuma shawartar masu ciwon zuciya ko na huhu da mata masu juna biyu da su tuntuɓi likita tukuna.

Akwai wani gargaɗi da ya shafi 'yan Afirka ta Yamma fiye da sauran jama'a. Ƙarancin iska na sa ƙwayoyin jinin mai cutar amosanin jini, wato sikila, su lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi, don haka irin wannan tsayi haɗari ne gare shi. Hatta masu rukunin jini na AS, waɗanda ba su da ciwon, an sha samun wasu daga cikinsu da suka kamu da ciwon saifa mai tsanani bayan sun hau tsauni cikin gaggawa. Tun da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya na ɗauke da wannan gado, ya kamata mutum ya san rukunin jininsa, ya kuma ji ta bakin likita kafin ya hau.

Sai batun sanyi. Bambancin zafi tsakanin gari da ƙololuwa kan kai digiri 18. Ranar da ake yawo da riga mai shara-shara a Chamonix, a sama sanyin ya fi na tsakiyar hunturu nesa ba kusa ba, musamman idan akwai iska. Farar dusa kuma tana mayar da mafi yawan hasken rana, abin da ke iya ƙona ido, shi ya sa baƙin tabarau ya zama wajibi. Tafiyar tana da tsada, domin a shekara ta 2024 tikitin zuwa da dawowa na babban mutum ya haura Euro 70. Bizar Schengen guda ta isa shiga Faransa da Suwizalan da Italiya.

Da rana: jirgin Montenvers

Bayan an sauko gari, sai a nufi wata ƙaramar tasha inda jan jirgin ƙasa ke tashi zuwa Montenvers. An kammala wannan layin dogo a shekara ta 1909. Tsawonsa kilomita 5 ne da ɗoriya, amma yana hawan kusan mita 870, saboda haka aka shimfiɗa wani ƙarfe mai haƙora a tsakiyar layin wanda jirgin ke kamawa don kada ya zame. Kafin zuwansa a kan alfadarai ake kai baƙi. A cikin minti 20 jirgin kan ratsa dajin ya tsaya a mita 1,913, kusa da wani tsohon masauki na dutse da aka gina a 1880.

A wannan wuri ne aka gano yawancin abin da aka sani game da tafiyar ƙanƙara. A shekara ta 1788 ayarin de Saussure ya bar wani tsani a can saman kogin. A 1832 aka tsinci guntayensa kimanin kilomita 4 a ƙasa da inda aka bar shi, wato ƙanƙarar ta yi ta tafiya da shi kusan mita 90 a kowace shekara. A 1842 masanin nan na ƙasar Sikotilan, James David Forbes, ya kafa alamomi a kan kogin yana auna su, ya tabbatar da cewa tsakiyarsa ta fi gefunansa sauri, daidai da yadda masunta suka san ruwan kogi na yi.

A tsakiyar ƙarni na 19 bakin Mer de Glace yana cikin kwarin Chamonix, kusa da ƙauyen Les Bois. Daga lokacin zuwa yau ya ja da baya sama da kilomita 2. Wanda ya tsaya a dandalin Montenvers a zamanin da aka buɗe tashar, ƙanƙarar na kusa da shi. Mai ziyara na wannan zamani kuwa wani wawakeken kwazazzabo yake gani, mai bango biyu na tsakuwa, ƙanƙarar na can ƙasa lulluɓe da duwatsu masu launin toka, har baƙo kan tambaya ina kogin yake.

Matakalar da ke ƙaruwa

Tun shekara ta 1946 ake haƙa wani kogo a cikin ƙanƙarar domin baƙi su shiga su ga cikinta. Saboda kogin na tafiya kuma yana narkewa, sai an sake haƙa shi a kai a kai. A 1988 aka kafa wata motar igiya daga tashar jirgin zuwa bakin ƙanƙarar, kuma a lokacin matakai uku kacal mutum ke sauka ya isa. Daga nan duk shekara sai an ƙara wasu. Kafin farkon shekarun 2020 matakan sun haura 500. A jikin dutsen da ke gefen matakalar an manna alluna masu nuna inda saman ƙanƙarar yake a shekaru daban-daban, ta yadda a wancan lokaci mai sauka kan wuce allon 1990, ya yi ta tafiya kafin ya ga na 2000, ya ƙara nisa kafin na 2010. A wannan wuri kaurin ƙanƙarar ya ragu da sama da mita 100 a cikin shekaru 35. Gani ya kori ji.

A watan Fabrairu na 2024 aka buɗe sabuwar motar igiya da ke kai mutane can gaba, inda ƙanƙarar ke da sauran kauri. Ma'aikata kan lulluɓe saman kogon da fararen tamfol domin rage ƙarfin rana. Shugaban Faransa Emmanuel Macron ya ziyarci wurin a watan Fabrairu na 2020 domin jawo hankali kan sauyin yanayi. Wani binciken da masana na birnin Grenoble suka wallafa a 2019 ya yi hasashen cewa faɗin Mer de Glace na iya raguwa da kashi 80 cikin 100 kafin ƙarshen wannan ƙarni.

Dalilan narkewar

Babban dalili shi ne ɗumamar yanayi sakamakon hayaƙin gawayi da man fetur da iskar gas. Zafin tsaunukan Alps ya ƙaru da kimanin digiri 2 daga ƙarshen ƙarni na 19, abin da ya fi matsakaicin ƙarin da duniya baki ɗaya ta samu. Lokacin zafi ya ƙara tsawo, ruwan sama na zuba a inda a da dusa ke sauka. A maƙwabciya Suwizalan, kogunan ƙanƙara sun yi asarar kashi 6 cikin 100 na jimillar ƙanƙararsu a 2022, da wani kashi 4 a 2023, wato kashi ɗaya cikin goma a shekara biyu.

Hamadar Sahara ma tana da hannu. Iskar kudu kan kwashi ƙura daga arewacin hamadar, 'yar'uwar wadda hunturu ke kawowa ƙasar Hausa, ta tsallaka Bahar Rum ta zube a kan Alps, kamar yadda ya faru a watan Maris na 2022. Dusar da ta yi ja-ja da ƙura ta fi fara tsotsar zafin rana, don haka ta fi saurin narkewa.

Narkewar tana tafe da haɗari. Ƙanƙarar da ke cikin tsagogin dutse ita ce ke riƙe shi kamar siminti, idan ta saki sai dutsen ya zube. A watan Yuni na 2005 wani babban ɓangare na dutsen Drus, wanda ke fuskantar Montenvers, ya rufta. Tun a watan Yuli na 1892 ruwan da ya taru a cikin ƙanƙarar Tête Rousse ya ɓalle cikin dare ya halaka mutane aƙalla 175 a Saint-Gervais, kuma a 2010 sai da aka zuƙe wani ruwan da ya sake taruwa a wurin. Ranar 3 ga watan Yuli na 2022 ɓallewar ƙanƙara a tsaunin Marmolada na Italiya ta kashe mutum 11. Ranar 28 ga watan Mayu na 2025 kuma ƙanƙara da duwatsu suka binne mafi yawan ƙauyen Blatten na Suwizalan, sai dai an riga an kwashe mazaunansa kimanin 300 kwanaki kaɗan kafin nan.

Rumbun ruwa

Amfanin kogin ƙanƙara ya wuce kallo. Rumbu ne da ke adana ruwan lokacin sanyi ya sake shi a lokacin zafi, daidai sa'ar da aka fi bukatarsa. Ruwan Mer de Glace na bin rafin Arveyron zuwa kogin Arve, shi kuma ya haɗu da kogin Rhône a Jeniba, wanda ke shayar da gonaki da tashoshin lantarki har zuwa Bahar Rum.

Mutanen Dandi da Bagudo sun san makamancin wannan aiki, ko da yake ba ƙanƙara ke yi musu shi ba. Kogin Neja, wanda aka fi sani da Kwara, mai tsawon kimanin kilomita 4,180, ya taso ne daga tuddan ƙasar Gini, kuma ruwan sama ne ke ciyar da shi. Ruwan da ya zuba a Gini da damina yakan bazu a cikin makeken dausayin tsakiyar ƙasar Mali, ya daɗe a can, sannan ya ratsa Yamai da Gaya da Malanbil ya shigo Nijeriya ta wajen Dole-Kaina da Lolo a tsakiyar hunturu. Shi ya sa kogin ke da cika biyu a wannan yanki, ta damina mai laka, da ta rani wadda ruwanta ya fi tsabta. Da wannan cika ta biyu manoman fadama da masunta da madatsar Kainji suke amfana watanni bayan ɗaukewar ruwan sama. Abin da dausayin Mali ke yi wa Kwara, shi ƙanƙara ke yi wa kogunan Rhône da Rhein da Po a Turai, da kogin Indus wanda noman Pakistan ya dogara da shi. Idan rumbun ya fara narkewa fiye da kima, da farko ruwa kan yi yawa, daga baya kuma ya ragu.

Wani babban bincike na ƙasa da ƙasa da aka wallafa a watan Fabrairu na 2025 ya nuna cewa tsakanin 2000 da 2023 kogunan ƙanƙara na duniya sun riƙa asarar tan biliyan 273 a kowace shekara, abin da ya ƙara wa teku tsayin milimita 18. Wannan ƙari na daga cikin abubuwan da ke matsa wa biranen gaɓa irin su Legas da Kwatano, ko da yake nahiyar Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke haddasa shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2025 a matsayin shekarar kare kogunan ƙanƙara, ta kuma keɓe musu ranar 21 ga watan Maris ta kowace shekara.

Ƙanƙarar Afirka

A Afirka ta Yamma babu kogin ƙanƙara ko ɗaya, hatta a kan tsaunin Kamaru wanda ya haura mita 4,000. Amma an taɓa yi. Kimanin shekaru miliyan 445 da suka wuce, lokacin da arewacin Afirka ke kusa da ƙuryar kudancin duniya, ƙanƙara ta rufe babban ɓangare na inda Sahara take a yau, kuma har yanzu ana ganin ƙarce-ƙarcen da ta bari a jikin duwatsun Djado na arewa maso gabashin Nijar da na kudancin Aljeriya.

Abin da ya rage wa nahiyar yana wurare uku ne a gabas: Kilimanjaro na Tanzaniya mai mita 5,895, da tsaunin Kenya mai mita 5,199, da tsaunukan Rwenzori a kan iyakar Yuganda da Kwango masu mita 5,109. Lokacin da Bajamushe Johannes Rebmann ya ba da labarin ganin farar dusa a kan Kilimanjaro a 1848, wasu masana a Ingila sun ƙaryata shi, suna cewa ƙanƙara ba ta zama a tsakiyar ƙasar zafi. Tsakanin 1912 da 2007 tsaunin ya yi asarar kusan kashi 85 cikin 100 na wannan ƙanƙara. Babu motar igiya da ke kai mutum can, sai an yi tafiyar kwanaki a ƙafa. A wani rahoto da ta fitar a 2022, hukumar UNESCO ta ce bisa ga dukkan alamu ƙanƙarar Kilimanjaro da ta tsaunin Kenya za su ɓace kafin shekara ta 2050.